Kalilu da Hawan Ƙaho a Kampung Baru

Duk Bahaushen da ya taɓa shan shayi a unguwar Pantai Dalam ya san Kalilu. In bai san fuskarsa ba, to ya san muryarsa. Karatun digiri na biyu ne ya kawo shi Kuala Lumpur, amma fannin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne labarin kansa. Ka ce ka taɓa ganin kada, shi ya taɓa wanke wa kada baki. Ka ce jirginku ya yi tangal-tangal a sama, shi ya taɓa shiga ya nuna wa matuƙi hanya. Ba mugu ba ne, Allah ya sani. Baki ne ya yi masa yawa, kuma abin haushin, duk abin da bakin ya faɗa, kafin shayi ya huce shi ma ya yarda.

Ana nan sai matarsa Walida ta haihu, aka sami namiji. Mahaifiyarta Hajiya Ɗelu ta taso takanas daga Kano ta zo yi mata wankan jego, da ƙullin kayan yaji da daddawa da jar kanwa ta dama kunu. Gidan kuwa ɗaki ne da falo a can saman bene. To ka san tsakanin suruki da suruka: ba haɗa ido, ba cin abinci a gaban juna. Kalilu ya koma kwana a falo. Abincinsa a matattakalar bene yake ci, maƙwabta na tsallake shi. Zama da singileti kuwa ya ƙare, cikin zafin nan na Malesiya da riga da hula yake wuni, gumi na bin bayansa. Magana sai ta bakin Walida, ko da su ukun suna zaune a kan tabarma ɗaya.

Ranar da abin ya ɓaci, wani kyankyaso ne irin na ƙasar nan, masu tashi sama, ya faɗo ta taga. Kalilu yana riƙe da jariri. Ya dire yaron a kujera, ya shige banɗaki ya datse ƙofa. Hajiya ta cire silifa ta gama da kyankyason da bugu ɗaya.

Ta ce, "Walida, ki gaya wa maigidanki ya fito, an gama yaƙin."

Daga cikin banɗaki Kalilu ya ce, "Ki ce wa Hajiya alwala na shiga yi."

"Ki ce masa ba mu ji ƙarar ruwa ba. Ki kuma gaya masa, ana gama Babbar Sallah da ke da yaron nan zan tafi gida. Ba zan bar jinina a ƙasar da ba dangi ba, a hannun mutumin da kyankyaso ke kora."

Maganar nan ta soki Kalilu. Duk surutunsa, yana son Walida, yaron nan kuwa ji yake kamar ya haɗiye shi. Ba abin da yake roƙon Allah sai Hajiya ta hau jirgi ita kaɗai, a bar masa iyalinsa, ya koma gadonsa da singiletinsa. Ya zama dole kafin Sallah ta wuce ya nuna wa Hajiya cewa namiji ne.

Da wannan damuwar ya tafi Kampung Baru wajen abokinsa Ashafa, wanda ke haya a unguwar, suka zauna a mamak, wato shagon shayin Indiyawan nan Musulmi. Akwatin talabijin na shagon yana nuna wani biki a ƙasar Sifen, an saki bijimai a lungu, Turawa sanye da fararen kaya suna gudu a gabansu suna faɗuwa. Kowa a shagon ya zuba ido. A teburin kusa da su akwai wani dattijo Bamale, wato ɗan asalin Malesiya, mai farar hula, Pak Cik Zaid, wanda shi ke shugabantar layya a ƙaramin masallacin layin. A wajensa 'yan Najeriya da dama suka shiga tarayyar sa a bana, har da Kalilu.

Kalilu ya ja tsaki ya ce da Turanci, yadda kowa zai ji, "Wannan ai wasan matsorata ne. Mutum ya yi ado ya fito don ya gudu? Mu a Kano sa ake tunkara."

Pak Cik Zaid ya juyo da kujerarsa. Shi ke nan, an buɗe famfo. Kalilu ya ba shi labarin hawan ƙaho: yadda mahauta ke kawo tunzurarren sa a jajibirin Sallah, a saki kalangu, saurayi ya yi kirari ya daka tsalle ya faɗa tsakanin ƙahoni, ya maƙale, sa na wujijjiga shi sama da ƙasa har ya gaji ya sallama. Har nan gaskiya ya faɗa. Sai ya ɗora da cewa shi gadon gidansu ne, tun yana firamare yake yi, kuma akwai wani sa da ya gan shi kawai ya durƙusa.

Ashafa ya taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur ya ce da Hausa, "Kai da babanka ke sayar da yadi a Kwari?"

"Ka yi min shiru. Yadin ma da ƙarfi ake yaga shi."

Pak Cik Zaid ya yi murna ƙwarai. Ya ce ai faɗuwa ta zo musu daidai da zama, domin san da aka kawo musu bana ƙato ne, kowa na shakkar kayar da shi. Ya dubi Kalilu ya ce, "Boleh?" Wato, za ka iya?

Kalilu ya bugi ƙirji ya ce, "Boleh, lah," har da "lah" ɗin da 'yan ƙasar ke liƙa wa ƙarshen magana.

Kafin ya koma Pantai Dalam labari ya riga shi isa, domin matan 'yan Najeriya suna da zaurensu a waya, kuma ba abin da ke kwana a cikinsa. Ya tarar da Hajiya tana dama kunu. Ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaida ta, kansa a ƙasa.

Ta ce, "Walida, da maigidanki ya zo neman aurenki, ba cewa aka yi kakansa alƙali ne ba? Yaushe suka koma fawa?"

"Ki ce wa Hajiya da safe yake shari'a, da yamma ya yi fawa."

"Ki ce masa Allah ya kai mu. Zan je in gani da idona."

Walida ta bi shi matattakalar bene da kwanon tuwonsa. Ta ce, "Baban yaro, don Allah ka rufa mana asiri. Kai fa ko kaza za a yanka sai ka ce kana da aji."

Ya ce, "Kaza daban, sa daban. Kaza ba ta da inda za a riƙe."

Gaskiyar maganar ita ce, iyakar hawan ƙahon da Kalilu ya taɓa gani a waya ya gan shi, a wani guntun bidiyo. Ya kalle shi har wayar ta yi zafi, ya ce ya gane lagon abin: tsalle ne kawai da riƙo. Sai ya shiga atisaye. Ya sa Ashafa ya kawo babur ɗinsa ƙasan bene inda ake jera babura, ya ce kan babur ɗin ne ƙaho. Ya ja da baya, ya sheƙo a guje, ya daka tsalle ya rungume shi. Babur ya tafi da shi ƙasa, ya bugi na kusa, na kusa ya bugi na gaba, haka suka yi ta kwanciya har ƙarshen layi. Mai gadi ya fito yana masifa da yaren da ba wanda ya ji. Kalilu ya tashi yana ɗingishi ya ce wa Ashafa, "Ka gani? Guda na nufa, garke ya kwanta."

Saura kayan aiki. A bidiyon ya ga mai hawan da warki na fata da layu rututu a ƙugu da damtse. Warki bai ba shi wahala ba, tsohuwar jakar Walida ya farke ya sa mata igiya, zif ɗinta na reto a gaba. Layu ne matsala, don ba malamin da zai rubuta masa a Kuala Lumpur. Ya ce ai ido ake tsoratarwa, ba sai da rubutu ba. Ya duba gidan kaf yana neman abin da ke da nauyi da girman laya, sai idonsa ya faɗa kan ƙullin jar kanwar Hajiya. Ya faki ido ya ɗebi manyan-manyan, ya yayyanka tsofaffin baƙaƙen safansa ya naɗe su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗinke, ya jera a igiya. Wallahi in ka gan su daga nesa sai ka ce daga hannun wani babban malami suka fito.

Washegari Hajiya ta kwance ƙullinta ta tsaya tana juya shi. Ta ce, "Walida, ɓerayen ƙasar nan jego suke yi ne?"

Kalilu yana falo ya ƙara dulmiya kai cikin littafi.

Ranar Sallah ta zo. Bayan an sauko Idi aka rufe layin masallacin, aka kakkafa rumfuna. Ga gidajen katako na Malawa a jere, ga dogayen benayen birni sun leƙo ta bayansu. Maza sun ɗaura zanensu na gado suna wasa wuƙaƙe, ana hura wuta a ƙarƙashin manyan tukwane. A rumfar mata ana yankan albasa ana hira, Malawa da Hausawa a cakuɗe. Can a tsakiya Hajiya Ɗelu ta hakimce a kujerar roba da mayafinta, Walida na gefenta da jariri. Labari ya zaga cewa wani ɗan Afirka zai kayar da sa da hannu, don haka har mutanen wasu layukan sun zo, kowa da waya a hannu.

Kalilu ya iso cikin babbar riga, yana tafiya yana buɗa hannu. Pak Cik Zaid ya tarbe shi ya kai shi gindin bishiyar da aka ɗaure san. Ƙato ne ruwan toka, da tozo, da kunnuwa zube-zube. Yana tsaye yana tuƙa abinsa, bai damu da kowa ba. Kalilu ya dube shi ta gaba, ya zaga ya dube shi ta gefe, ya dawo.

Ya ce, "Ina ƙahon?"

Pak Cik Zaid ya ce, "Babu, lah. Tun yana maraƙi aka ƙone su a gona. Haka ake yi a nan."

Kan san nan sumul yake, ko ɗan tsiro babu. Ashafa, wanda ya zo da bokitin roba a madadin kalangu, ya matso ya ce, "Alhamdu lillahi, Allah ya ba ka mafita. Ba ƙaho, ba hawan ƙaho. Mu je mu ci shinkafa."

Har ga Allah Kalilu ya so ya karɓi shawarar nan. Amma da ya waiga rumfar mata sai ya ga Hajiya ta gyara zama, ta sa tabarau. Ya tuna falo, ya tuna matattakalar bene, ya tuna jirgin da zai tashi da ɗansa.

Ya ce, "Ƙaho na 'yan koyo ne. Mu a kunne muke hawa."

Ya tuɓe babbar riga ya miƙa wa Ashafa. Ga shi nan daga shi sai gajeren wando da jakar Walida a gaba, layu sun zagaye ƙugu da damatsa, tumbi ya ɗan leƙo. Walida ta ja mayafi ta rufe fuska. Wata Bamaliya ta tambaye ta ko mijinta ne, ta ce maƙwabcinsu ne.

Kalilu ya nuna igiyoyin da ke jikin san ya ce, "A kwance."

Pak Cik Zaid ya ce, "Duka?"

"Duka."

Ashafa ya riƙo hannunsa ya ce, "Kai, ka dawo hayyacinka. Ni na taɓa gani ido da ido a Kano. Akwai igiya a wuya, akwai wata a ƙafar baya, ƙarti na riƙe da ita tamau. In sa ya yi gaba su fizge shi. Ba a sakin sa haka kawai."

"A bidiyon da na... a wanda na saba yi babu igiya."

Ai dole ya ce babu. Mai ɗaukar bidiyon gaban sa kawai ya nuna, ƙartin da ke riƙe da igiya suna can baya inda waya ba ta kai ba. Pak Cik Zaid ya so ya ƙi, amma ya ga baƙo ne kuma gwani, kada a raina masa al'ada. Ya sa aka kwance. Ashafa ya ce, "Inna lillahi," ya fara dukan bokiti.

Kalilu ya ɗaga hannu sama ya fara kirari. "Sai ni Kalilu angon ƙarni! Sai ni na Walida, mai kwana a falo ba don tsoro ba! Na kayar da babura, saura mai tozo!" Yana yi yana tsalle, yana zagaya san, layu na karo da juna. Rana ta take, iskar garin kuwa ka san ta, jiƙaƙƙiya ce kamar tururin tukunya. Gumi ya wanke shi, ya jiƙa safan nan sharkaf, kanwa ta fara narkewa tana bin cinyarsa.

To duk wanda ya taɓa zama kusa da ruga ya san abin da shanu ke yi in sun ji kanwa. Ba sai an koya musu ba, kuma ba ruwansu da ƙasar da aka haife su. San nan ya daina tuƙa. Ya ɗaga hanci ya shaƙa, ya sake shaƙa. Ya juyo ya zuba wa ƙugun Kalilu ido, miyau na dalala. Ya tako ɗaya, ya tako biyu.

Kalilu ya ce, "Ashafa, me yake kallo?"

"Kai yake kallo. Hau mana."

Sa ya yi wani gurnani ya taho da sassarfa. Kalilu bai san lokacin da ya juya ba. Ya ranta a na kare, sa ya rufa masa baya.

Nan fa layi ya hargitse. Mazan da ke tsaye a hanya suka ga mutum da sa sun nufo su, su ma suka zuba a guje, kowa ya tattare zanensa a hannu. Masu wasa wuƙa suka watsar, masu waya suna gudu suna ɗauka ta bayansu. Wani tsoho da aka ce shekara da shekaru da sanda yake tafiya, sai ga shi a kan katanga, sandar na ƙasa. Wani daga saman bene yana ta ihu yana kiran sunan Sifen, yana tafi. Abin da Kalilu ya kira wasan matsorata, ga shi yau shi ne a sahun gaba, ko farin kayan ma bai samu ba.

Sai dai jama'a ba su daɗe ba suka lura da wani abu. San nan ba ruwansa da kowa. Ya wuce mai lemo, ya tsallake wani da ya faɗi, ya ratsa tsakanin mutane kamar mai neman wanda ya sani. Kalilu ya yi dama, ya yi dama. Kalilu ya yi hagu, ya yi hagu. Da mutane suka gane haka sai suka daina gudu, suka koma gefen titi suka jeru suna kallo, wasu har da ba shi shawara.

Ashafa na biye da su da bokiti yana haki yana cewa, "Ka tsaya ka tunkare shi, ai ka ce tunkara ake yi."

"Dabara ce, gajiyar da shi nake yi," in ji Kalilu.

Ya zagaya wata mota da aka ajiye, sa ya zagaya. Suka yi ta zagaye har Kalilu ya rasa wa ke bin wani, ya zo ya yi karo da gindin san. Ya kutsa ta rumfar masu girki, ƙafarsa ta shiga daron yankakkiyar albasa, ya tafi da shi kamar takalmi. Ya fizge, ya ga bishiyar rambutan a ƙofar wani gida, ya dafe ta ya haye. Ya zauna a reshe yana numfashi, ya leƙo ya ce wa jama'a, "Daga sama ake faɗa masa. Haka tsarin yake."

Bai rufe baki ba ya ji wuta a cinya. Bishiyar nan gidan jajayen tururuwan nan ne masu cizo, kuma ba su saba da baƙo marar riga ba. Suka shiga ta ƙarƙashin warki, suka shiga ta wando. Kalilu ya yi ta marin kansa da hannu biyu, ya manta da hannu ake riƙe reshe. Ya ɓaro. Ikon Allah, sai a kan bayan san, amma a juye, fuskarsa na kallon wutsiya. Jama'a suka ɗauki tafi, sun zaci hawan ke nan. Pak Cik Zaid har yana gyaɗa kai yana cewa lallai gado ba ƙarya ba ne.

Sa ya ji ƙanshin kanwa a bayansa, ya fara juyi yana neman kaiwa da baki. Kalilu ya riƙe wutsiya yana salati. Juyi na uku ya sulale ta baya ya faɗi zaune. Kafin ya miƙe ya ji wani abu mai kaushi, mai ɗumi, ya share shi daga ƙugu har wuya. Harshe ne. Kalilu ya tabbata ɗanɗana shi ake yi kafin a cinye. Ya ƙwalla ƙara ya tashi, idonsa a rufe, ya nufi inda ƙafa ta kai shi.

Ƙafar kuwa ba ta kai shi ko'ina ba sai rumfar mata. Mata suka watse, kujeru na kifewa. Walida ta rungume jariri ta yi gefe. Mutum ɗaya ce ba ta motsa ba, saboda ciwon gwiwa ba ya barin ta tashi da sauri. Kalilu ya zagaya bayan kujerarta ya durƙusa, ya ƙanƙame ta ta baya da hannu biyu, ya cusa kai cikin mayafinta yana cewa, "Inna, ki cece ni! Inna, kar ki bari ya cinye ni."

Surukin da bai taɓa yarda sun haɗa ido ba, wanda ko ruwa ba ya sha a gabanta, yau ga shi ba riga, maƙale a bayanta. Hausawan da ke wajen suka sunkuyar da kai don kunya. Ashafa ya kifa bokiti a kansa.

Sa ya shigo rumfar a hankali. Ya wuce Hajiya kamar bai gan ta ba, ya sa baki a ƙugun Kalilu, ya tsinke laya guda ya fara taunawa, ido a lumshe. Ya tofar da safa, ya tsinki ta biyu. Kalilu na jin ana cire masa layu ɗaya bayan ɗaya yana kalmar shahada. Pak Cik Zaid ya lallaɓo ya zura wa san igiya a wuya, ko gezau bai yi ba.

Wani guntu ya faɗo daga bakin san ya gangaro gaban Hajiya. Ta sunkuya ta ɗauka, ta gyara tabarau, ta juya shi. Ta goge da bakin mayafi ta ɗan taɓa a harshe.

Ta ce, "Kanwata."

Ta ɗaga guntun sama yadda kowa zai gani ta ce, "Ga ɓeran da ke jego." Wata ta fassara wa Malawa abin da ya faru, dariya ta tashi daga wannan rumfa ta faɗa waccan har ƙarshen layi. Pak Cik Zaid ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Da ya samu numfashi ya roƙi a ba shi sauran layun. Da su aka ja san, yana biye kamar ɗan akuya, har inda aka kayar da shi cikin ruwan sanyi.

Kalilu ya saki mayafin a hankali. Ya ja da baya da gwiwa, ya rufe ƙirji da hannu, kansa a ƙasa. Ya san ta ƙare. Ya dubi ɗansa a hannun Walida, idonsa ya kawo ruwa. Da ƙyar ya ce, "Walida, ki ce wa Hajiya..."

Hajiya ta ce, "Kalilu."

Tun da aka ɗaura auren nan ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ya ɗago a firgice.

"Ba sauran aike tsakanina da kai. Wanda ya goyu a bayana ya kira ni Inna ai ya zama ɗa. Ka share hawayenka, na fasa tafiya da Walida. Tana nan, yaron ma yana nan."

Daɗi ya kama Kalilu har ya manta da cizon tururuwa. Ya fara jero godiya, yana Allah ya ƙara girma, Allah ya sa a gama lafiya, Allah ya sauke ta gida lafiya, shi da kansa zai ɗaukar mata jaka har filin jirgi.

Ta ce, "Wane filin jirgi? Ni ma na fasa. Bayan hutun Sallah ka je ka nemo min ƙarin kwanaki a takardar bizata. Jarirai biyu sun yi wa Walida yawa ita kaɗai."

Da la'asar Ashafa ya kawo musu kasonsu na nama, ya tarar da Kalilu a matattakalar bene da riga da hula, kwano a cinya, yana ci yana susa. Ya zauna kusa da shi ya ce, "Sannu, Sarkin Fawa."

Kalilu ya ce, "Kai ba ka gane abin da ya faru ba. Ka taɓa ganin sa ya bi mutum layi guda don kawai ya lashe shi? Girmamawa ce. Ya gane jinin gidan."

Daga cikin gida aka ji muryar Hajiya, ba ta bakin kowa ba. "Kalilu, in ka gama ka zo. Ga wani kyankyason nan ya shigo, yau da kai za mu fara karatu."